Akuyar da Na Ɗauko a Belbeji

Da asuba muka ce za mu tashi, kuma ni dai da asubar na tashi, na yi salla, na ɗaura ɗankwali, na zauna bakin gado da jakata a cinya. Motar ce ba ta bar Tanut ba sai da rana ta fito ta fara cizo. Ku da kuke damuna da saƙo wai in ba ku labarin yadda muke hutun ƙarshen mako a nan Nijar, to ga shi nan, ku gyara zama, don har yanzu raina bai gama hucewa ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni Bazazzagiya ce, ma'aikaciyar jinya. Aiki ne ya kawo ni Tanut, a ƙasar Damargu, arewa da Damagaram, inda wata ƙungiya ta ɗauke ni a ɗakin yara masu tamowa. Maigidana da yarana biyu suna Zariya. Asabar ɗina a nan ba ta da wani labari. Wanki ne, sai jiran wuta ta dawo in yi cajin waya, in kira gida, ƙaramin ya tambaye ni yaushe zan dawo, in kashe wayar in zauna ina kallon katanga. In mun ji ƙarfi, bayan la'asar mu fita ni da abokiyar zamana, wata 'yar Maraɗi da muke aiki tare, mu sayi tsire da dogon burodin nan nasu mai kama da sanda, mu zauna bakin hanya muna kallon manyan motocin Agadas suna wucewa. Yawon shaƙatawar ke nan gaba ɗayansa.

Wannan Asabar ɗin kuwa da dalili na fita. Kwantiragina zai ƙare ƙarshen watan gobe, na kuma yi wa maigidana alkawarin ba zan sabunta ba. Ya yi haƙuri iya haƙuri, yaran ma sun yi. Mutum ɗaya ce a duk ƙasar nan na ji ba zan iya tafiya ban yi mata bankwana ido da ido ba, wata tsohuwar Bafillatana da kowa a ɗakinmu ke kira Inna. Da bazara ta zo mana da jikarta, yarinya daga fata sai ƙashi, uwarta ta rasu, uban ya tafi Libiya neman kuɗi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sun daɗe a wurinmu har yarinyar ta miƙe. A tsawon zaman nan Inna ta mai da ni abin bincikenta. Shanu nawa gare ni? Babu. Tumaki fa? Babu. Awaki? Ko kaza? Na ce Inna albashi nake ɗauka. Ta dube ni da tausayi na gaske, ta girgiza kai, ta tsoma hannu a ƙwaryarta ta miƙo mini cuku. Ranar da aka sallame su sai da ta sa na rantse zan je rugarsu, can wajen Belbeji. Tun daga nan duk wanda ya shigo kasuwa daga wannan yanki sai ya tsaya ƙofar asibiti ya ce Inna tana tambaya ko Lokotoro, wato likita, sunan da take kirana da shi, ta manta hanya.

Shirina mai sauƙi ne. In kai mata turmin atamfa da sukari da ganyen shayi da sabulu, in ga yarinyar, in faɗa mata zan tafi, mu juyo kafin magariba, don 'yar Maraɗi tana da coci da safe kuma ita ke ba da waƙa.

Mun yi hayar wata tsohuwar kat-kat, motar nan mai shiga yashi, mai ita ne direbanta, mutumin Tanut, mu muka zuba mai. Ku riƙe wannan, mu muka biya motar nan. Amma da ta iso ƙofar gidanmu sai na tarar da buhun gishiri a baya, da tayar amalanke, da batirin sola, da keken ɗinki an naɗe shi da bargo, da wata baiwar Allah zaune a kujerar da na yi niyyar zama, da ƙunshin kayanta a ƙafa, za ta Gangara. Ba wanda ya tambaye mu. A Damargu mota ba ta fita gari da sarari a cikinta, da zarar an ji za ka wani wuri, saƙon unguwa duka naka ne. Na buɗe baki zan yi magana, direba ya ce, "Madam, ai hanya ɗaya ce." Wannan magana na ji ta ranar nan har ta fita raina.

Kwalta ba ta raka mu da nisa ba. Mun tsaya a shingen jandarma, suka duba takarduna, ɗayansu da ya ga Zariya ya ce yayarsa ta yi aure a Tudun Wada, ko na san ta. Na ce ban santa ba, ya yi mamaki ƙwarai, ya ɗaga mana sanda. Daga nan muka saki gudoro, kamar yadda suke kiran kwalta, muka faɗa rairayi muka nufi yamma.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ƙasar ta yi kyau. Kaka ce, an yanke gero, amalanken shanu da na jakuna suna ta jidar dammuna zuwa gida, ana ɗora wa rumbuna sabon jinka. Gefen gonaki ga garken raƙuma da shanu masu dogayen ƙaho suna jiran a gama kwashe amfani a sakar musu kara. Itatuwan aduwa da farar ƙaya a warwatse, sama kuma a buɗe ko'ina ka duba. Da a ce tafiya muke yi, da na more kallo. To ba tafiya muke yi ba, rabon saƙo muke yi.

A garinmu in ka kawo wa mutum saƙo, ka miƙa, ya ce ya gode, ka wuce. A nan miƙa saƙo ziyara ce. Mai gishiri sai da ya shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka tambayi lafiyar kowa a Tanut har da waɗanda suka mutu bara. Mai tayar amalanke ya aika a dama fura. Mai keken ɗinki kuwa ba ta gida, ta tafi rijiya, kuma direba ya rantse ba zai bar keken a hannun maƙwabta ba tunda a hannunta aka ce ya damƙa. Muka zauna ƙarƙashin dalbejiya muna jiranta. Ina duba agogo, 'yar Maraɗi tana cewa in daina, ina ba mutane kunya. Baiwar Allahn nan da ta ƙwace mini kujera ta sauka a Gangara, ta sa mana albarka mai tsawo, wani dattijo da raƙuminsa ya gurgunce ya maye gurbinta da sirdinsa.

Bayan Gangara motar ta kafe a wani kwari mai laushin yashi. Direba ya ce mu sauka mu tura. Na diro da ƙarfina cikin ciyawa, ashe ƙarangiya ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Wanda bai san ƙarangiyar Damargu ba kada ya ce mini ya san ƙaya. Ta kama zanena daga gindi har gwiwa, ta shiga silifas, na sa hannu in cire ta koma yatsuna. 'Yar Maraɗi, wadda ta san ƙasarta ta sako rufaffen takalmi ba ta gaya mini ba, tana tura mota tana dariya har da hawaye. Dattijon nan ya nuna mini in jiƙa yatsa da miyau kafin in taɓa ta. Ya yi aiki, amma ban gode masa da fuska mai kyau ba.

Mun shiga Belbeji rana ta take tsaka, yunwa ta ci ta cinye mu. Muka tsaya a 'yan rumfunan bakin tasha. Nama a nan arha ne kuma mai daɗi, nono kamar kyauta, amma tumatir guda uku da suka yamutse sai ka ɗauka daga Makka aka kawo su. Har yau kuma lissafin dala yana juya mini kai. Mai cuku ta ce mini ɗari biyu, na miƙa mata ɗari biyu na sefa, ta riƙe a tafin hannu tana kallona, sai da 'yar Maraɗi ta tuna mini ɗari biyunsu jaka guda ce, wato sefa dubu, don kowace dala sefa biyar ce. Na kusa shekara biyu a ƙasar nan amma duk mai talla da ta ji na buɗe baki ta san 'yar Najeriya ta zo. Mun ci gasasshen naman rago da yaji mai kanamfari, muka kora da fura, na ɗan ji duniya ta daidaita.

Sai neman ruga. Bafillatanin daji ba shi da adireshi, inda aka kwatanta mana sun bar wurin tun da ruwan tafki ya ƙafe. Muka je wata rijiya inda ake jan ruwa da raƙumi, direba ya faɗi sunan zuriyarsu, wani Buzu ya ɗaga haɓa ya nuna arewa ya ce nan kusa ne. Ina roƙonku, in mutumin Damargu ya ce muku nan kusa, ku sayi ruwa. Mun yi ta kewaya tuddai iri ɗaya, muna bin sawun shanu, har aka wuce azahar sosai kafin muka hango fararen ƙorai suna ƙyalli a gindin wata itaciya.

Rugar ba ta da ɗaki ko ɗaya. Gado ne a fili an kewaye bayansa da ƙaya, ga ƙoran mata jere a kan wani ɗan dandamali, ga doguwar igiyar maruƙa a gaba. Yarinyar na fara gani. Tana gudu da ƙafafunta, kumatu sun ciko, gashin nan da ya yi ja ya koma baƙi har an yi mata kitso. Tana ganina ta tsandara ihu ta ɓuya bayan wata mata, don ni a wurinta allura ce da robar hanci. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Na tsaya ina kallonta idona ya cika, don na san yadda ta zo hannuna.

Inna kuwa ba ta taso da gudu yadda na zata ba. Ta miƙe a hankali tana dafa gado, kafin ta iso inda nake numfashinta ya yi sama. Da muka zauna na dubi ƙafafunta, sun kumbura sun yi sumul. Na danna ƙaurinta da yatsa, gurbin ya zauna bai taso ba. Na tambaye ta ko tana iya kwanciya miƙe da dare, ta ce a zaune take barci, ya fi mata daɗi. Na ce ta shirya mu tafi Tanut yau ɗin nan, ga mota. Ta ce sai sun yi ƙaura sun zauna wuri ɗaya. Na matsa, na yi faɗa, na sa direba ya maimaita mata da Fillanci ko Hausata ce ba ta shige ta ba. Ta bar ni na gama, ta ce a kawo wa baƙi nono.

Aka sha nono, aka ɗora shayi, kuma shayin nan sai an yi zagaye uku, ba mai gaggauta shi. Na ba ta tsarabarta, matan ruga suka yi ta juya atamfar suna yabawa. Ni kuwa ina ta neman inda zan saka maganar bankwana, rana tana ta yin ƙasa. Ina cikin haka sai na ga mata sun taru sun kewaye mu. Inna ta tashi, ta je can gefe inda 'yan awakinsu suke, waɗanda ba su taka kara sun karya ba, ta jawo wata 'yar akuya ja mai farin goshi wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Ta kamo hannuna ta sa mini igiyar, ta yi wata magana da Fillanci, matan suka amsa baki ɗaya.

Na ɗauka kyauta ce, na shiga abin da muka saba a gida, a'a wallahi Inna, ina zan kai akuya, ɗaki ɗaya gare ni, ku kuka fi ni bukata. Ina ƙoƙarin mayar mata da igiyar sai na ji 'yar Maraɗi ta mintsine ni a cinya da duk ƙarfinta. Direba ya yafito ni bayan mota. Ya ce Madam wannan ba kyauta ba ce, habbanaye ne. Wai a wurinsu in mutum ya ga ɗan'uwansa ba shi da dabba, sai ya ɗaura masa mace daga garkensa, ya je ya riƙa har ta haihu sau biyu ko uku, 'ya'yan nasa ne, uwar kuma ya dawo da ita da hannunsa. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a aiko ta a motar kasuwa, ana kuma kula da ita fiye da dabbar kai. Ya ce in na mayar da igiyar nan a gaban matan nan, na gaya wa duniya ke nan tsohuwar ba ta isa in riƙi amanarta ba, kuma da wannan za a riƙa tuna ta.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na kwaso ƙarangiya da yunwa da rabon gishirin mutane don in zo in sauke nauyi in tafi gida da zuciya sakayau, ga shi ana neman a ɗaure ni da igiyar akuya. Na koma na durƙusa gabanta da igiyar a hannuna.

Na ce, "Inna, ni tafiya zan yi. Ƙarshen watan gobe zan koma Zariya wurin 'ya'yana, ba zan dawo aikin nan ba. Bankwana na zo yi miki."

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani, Lokotoro. Duk tafiya kuke yi. Ban ce ki zauna ba. Zariyar babu ciyawa ne?"

Na ce akwai, amma in dawo da ita ina, yau ma da ƙyar muka same su.

Ta ce, "Ai kin same mu."

Ta tsaya ta maida numfashi. Sannan ta jawo yarinyar daga bayan zanenta, ta dafa kanta, ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Akuyar ba tawa ba ce. Ta wannan ce, uwarta ta bar mata. In kin zo ba ki tarar da ni ba, ita za ki nema. Ki damƙa mata a hannu, ki dube ta da kyau yadda kika dube ta a gadon likita."

Na dubi matan da ke kewaye da mu, kowace da goyonta da nata bakunan da take ciyarwa. Na naɗe igiyar a hannuna na miƙe.

Dawowar kada ma ku tambaya. Bayan mota ya cika da sabon saƙo na komawa Tanut, damin gero da ƙullin cuku da buhun gawayi, don haka a cinyata akuyar ta yi tafiyar. Ta yi mini fitsari kafin Belbeji, ta ƙara bayan Gangara, ta cinye gefen mayafina ina gyangyaɗi. Kuka kuwa ba ta fasa ba, 'yar Maraɗi tana cewa ta fi rabin 'yan ƙungiyar waƙarsu murya. Mun sake kafewa a kwarin nan, wannan karon na ƙi sauka, na ce ina riƙe da amana. Magariba ta same mu a hanya, muka shiga Tanut ana kiran isha'i, ina warin da ni kaina ba na son zama kusa da ni.

Da safe na kira maigidana. Na ce ina nan tafe yadda na yi alkawari, amma ya nemi mai gini ya kewaye mana wani ɗan lungu a bayan gida. Ya yi dariya har da tari, ya ce wasu daga ƙasar waje mota suke kawowa. Da na gaya masa sauran maganar sai ya ce ke da kika ce kin gama da ƙasar nan. Na ce ni ma haka na zata. Direba ya ce zai haɗa ni da masu lodin dabbobi zuwa Mai'aduwa, daga can kuma sai yadda Allah ya yi. Ya kuma yi mini alkawarin in ya sake bi ta yankin zai ƙara yi wa Inna maganar asibiti, ko da yake daga ni har shi mun san amsar.

Kuna son in ce tafiyar ta koya mini wani abu, to ta koya mini. In za ku Damargu ku sa rufaffen takalmi, kada ku yarda da nan kusa, kuma kada ku ɗauka don kun biya mota taku ce. Na kuma gane cewa ni na ɗauka bankwana abu ne da mutum ɗaya zai shirya ya je ya yi ya dawo. Har yanzu ina jin haushin tsohuwar nan, don ba ta shawarce ni ba, ta zaɓi wurin da ba zan iya cewa a'a ba, ta kuma san abin da take yi sarai. Amma aikina ne duba marasa lafiya, na ga ƙafafun nan, na ji numfashin nan. Kafin akuyar nan ta haihu sau biyu, na san wadda zan tarar da wadda ba zan tarar ba.

Tana nan ɗaure a gindin dalbejiyar tsakar gidanmu, tun safe take kuka ta juya fuska yamma. Na fita in yi mata tsawa, na tsaya a kanta, na koma ɗaki na ɗebo mata dusa.